Sabuwar manhaja: in sayi sabon littafi ko na yayanta ya isa?

Maman Ikram: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. 'Yata tana JSS2 a wata makarantar kuɗi a nan Kano. An turo mana jerin littattafai, sai na ga babu na darasin zamantakewa, babu na Sibik (darasin haƙƙin ɗan ƙasa), an sa wani guda ɗaya a madadinsu, ga kuma na tarihin Najeriya daban. Na yayanta suna nan garau, ko shafi ɗaya bai yage ba. Makaranta ta ce dubu goma sha ɗaya duka biyun, kuma a wurinsu za a saya. Don Allah wanda ya riga ya saya, da gaske cikin ya canza, ko bango kawai aka sauya?

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya ki saya kawai. Nawa yana SS1, su an haɗe musu tarihi da Sibik da zamantakewa wuri ɗaya, Citizenship and Heritage Studies suke ce masa, kuma dole ne kowa ya yi. Darussansu ba su wuce takwas ko tara ba yanzu, jaka ta yi sauƙi. Dubu huɗu da ɗari biyar na saya a Sabon Gari.

Maman Ikram: Na gode Alhaji, amma JSS2 na ce.

Malam Ɗanjuma: Darasin nake koyarwa. A 2025 aka sanar da sauyin, ƙarƙashin ministan ilimi Tunji Alausa, hukumar NERDC mai kula da manhajar karatu ta ƙasa ce ta tsara. Ƙaramar sakandare ta koma darussa 12 zuwa 14. Abin da aka ce shi ne a fara daga firamare 1, firamare 4, JSS1 da SS1, sauran su ƙarasa da tsohuwar manhaja. Ke nan 'yarki ba ta cikin waɗanda abin ya shafa, sai dai in makarantar ce ta ga dama. Haɗewar kuwa ni na yi murna da ita. Da can in koyar da illar shaye-shaye ranar Litinin a zamantakewa, in dawo Laraba in sake rubuta shi a allo da sunan Sibik. Yara su kwafa sau biyu, su yi jarrabawa biyu a kan abu ɗaya.

Baban Khalifa: Malam ka bar batun amfani, mu da muke biya mu muka san zafin. 'Ya'yana biyar. Lokacin da aka cusa darasin addini da Sibik da zamantakewa a laima ɗaya na saya wa uku sabbi fil. A 2017 aka yi ta ce-ce-ku-ce, aka sake raba addini daban, na sake saye. Tsoffin suka cika buhu a bayan ƙofa, har uwargida ta gaji da sharewa ta bai wa mai ƙosai. Wannan duk mai sauƙi ne. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne ranar da aka koro babbar 'yata ana gobe jarrabawa, wai ba ta da sabon bugu. Ta dawo da ƙafa tsakar rana, safa duk ƙura, ta shige ɗaki ko abinci ba ta taɓa ba. Na je, shugaban makarantar ko kujera bai nuna mini ba. Na ranci kuɗi na saya, na zauna da dare na jera tsohon da sabon shafi bayan shafi. Wallahi babi ɗaya aka ƙara a ƙarshe, sai launin bango.

Ummu Hanan: Subhanallahi! Allah ya saka maka Baban Khalifa. Ka cire ta daga makarantar?

Baban Khalifa: In kai ta ina? Duk kanwar ja ce.

Na Ƙofar Mata: Ashe shi ya sa mai ƙosan layinmu ta fi kowa sanin haƙƙin ɗan ƙasa 😂

Sis Rabi Kd: Mu a Kaduna dubu biyu da ɗari takwas ne.

Abu Sadik: Wannan na jabu ne, duba takardar da kyau, tawada na fita ta baya.

Sis Rabi Kd: Jabu ko ba jabu ba, yaro na karantawa. Mai shagon ma cewa ya yi duk tsohon ne aka yi wa sabuwar riga.

Baban Khalifa: Kun ji ko? Kuma Malam Ɗanjuma, kai a ta gwamnati kake, ba wanda zai kori ɗanka. Shawararka ba ta aiki a makarantar kuɗi.

Malam Ɗanjuma: Alhaji, manhaja ɗaya ce, jarrabawar gama JSS3 ma ba ta tambayar nawa ka biya.

Hajiya Kaka: Ku yi haƙuri yarana. Ina koyarwa tun kafin a cire tarihi daga manhaja wajajen 2009, na kuma ga abin da cirewar ta haifar. Jikana ya kammala sakandare, na nuna masa naira ɗari biyu na ce wane ne wannan, ya ce mai bankin ne. Sardauna fa! Bai san Turawa sun ci Kano a 1903 ba, bai san an haɗe Kudu da Arewa a 1914 ba, rijiyar Kusugu kuwa ya zaci a Nijar take. Maman Ikram, na tarihin ki saya ko ba a tilasta ba. Ɗayan ki je ki yi magana da su a tsanake.

Na Ƙofar Mata: Hajiya ai yaran yanzu taransifa suka sani, ina suka ga fuskar kuɗi.

Ummu Hanan: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne littafin da ake amsa tambayoyi a cikinsa da biro. Da gangan ake yi don kada ƙani ya gada. Mu da muka yi karatu, littafi ɗaya sai ya zaga gida kaf.

Sis Rabi Kd: Na sa nawa ya rubuta da fensir, malamar ta rage masa maki.

Abu Sadik: Ku kuna ta littafi. Mu an turo mana kuɗin bikin yaye ɗalibai na 'yar nazire, har da anko. Naku nawa aka ce?