Lissafin cikin kon, a taimaka don Allah

Ɗan Birni: Salamu alaikum yayyena, jarrabawar BEPC ta matso, mushe ya ba mu kon, wato siffa mai kama da mazurari, rayon (rabin faɗin gindi) santimita 6 tsawo 10, wai mu nemo abin da cikinsa zai ɗauka, kuma me ya sa ake rabawa 3 ne?

Malam na Zango: Wa alaikumus salam ƙanena. 6×6 36, sau 3,14 (wato pi) sau 10 ya ba ka 1130,4, raba 3, amsa 376,8 cm³. Amma tsawon tsaye ake ɗauka daga tsini zuwa tsakiyar gindi, ban da na gefe, nan yara ke faɗuwa wallahi abin na damuna.

'Yar Garin Malam: Naɗe kwali kamar mazurari, bakinsa da tsawonsa daidai da gwangwanin madara, cika shi da rairayi kana juyewa ciki, sai ka juye sau uku gwangwanin zai cika.

Ɗan Birni: Na gode yaya, yau zan gwada.