Typesetting da Hausa: bugawa, jerawa ko zubi?

Jama'a, a kawo ɗauki. Kwana uku ke nan ina fassara ɗan littafin jagora na wata manhaja don ɗalibanmu, kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙoshi: typesetting. Bari in faɗi aikin tukuna, sai mu ga sunan da ya dace da shi.

Duk mai amfani da Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta, ya san in ka rubuta man ls a baƙin allon nan na ba da umarni, bayanin umarnin ls zai fito. To, shafin nan asalinsa rubutu ne tsurarsa mai 'yan alamomi a farkon layi: .TH na nufin kan shafi, .SH kan sashe, .B a kaurara kalma. In kana son shi a takarda, sai ka miƙa fayil ɗin ga wata manhaja mai suna groff:

groff -man -Tpdf ls.1 > ls.pdf

Shi ke nan. Shi zai auna faɗin layi, ya san inda zai karya shi, ya raba tazara tsakanin kalmomi har gefen dama ya miƙe sambal, ya sa lambar shafi. Ba ka ja komai da linzami ba. Wannan aikin, na tsakanin gama rubutu da kai shi injin, shi nake nema wa suna.

Dangin groff tsofaffi ne. A 1971 ma'aikatan Bell Labs a Amurka suna shirya takardun neman haƙƙin ƙirƙira da manhajar roff, Joe Ossanna ya rubuta troff wajen 1973, James Clark kuma ya fito da groff a 1990. Ɗaya gidan shi ne TeX na Donald Knuth, wanda ya faro a 1978 saboda bai ji daɗin yadda aka fitar da shafukan lissafinsa ba.

Mutane da dama sun ce mini "ai bugawa ne". A'a, don Allah. Bugawa ta riga ta yi kaya fiye da ƙarfinta: mai danna tafireta bugawa yake, injin da ke shafa tawada bugawa yake, kamfanin da ya fitar da littafi shi ma ya buga. Na gwada ta a jimlar da nake fassarawa, ta fito "bayan ka buga, sai ka buga, kafin ka buga". Ɗab'i ma ta injin ce.

Wani malami ya kawo tasa: "tsara shafi". Allah ya ƙara sani, ita na fara sawa. Abin da ya hana ni, yaran da ke aiki da manhajar zane ta CorelDRAW a shagunan buga katin biki sun riga sun kama "tsarawa", kuma abin da suke nufi shi ne ja hoto nan, tura rubutu can, da ido. Ɗalibi ya ji "tsara" zai nemi linzami.

"Jera haruffa" kuwa daidai take da zamanin da ake tsintar haruffan ƙarfe ɗaya-ɗaya daga akwati. Ina sonta, amma ta tsaya a harafi, groff kuwa da layi da sakin layi yake tunani. Wani ya kawo "rattabawa", mai daɗi a baki, sai dai kowa zai jira ya ji "hannu" a bayanta.

Ga inda na ga bambancin da idona. Da na ba groff fassarar Hausa, na ƙara -k don ya gane UTF-8, tsarin da kwamfuta ke adana haruffa da shi, sai ya yi ta gargaɗi a kan u0199 da u0257. Su ne ƙ da ɗ. Salon haruffan da yake amfani da shi tun asali ba shi da masu ƙugiya, sai ya tsallake su: ƙofa ta zama ofa, ɗaki ya zama aki. Bayan haka ya ɗauki dokar yanka kalmomin Turanci ya ɗora wa namu a ƙarshen layi, sai da na kashe ta da -rHY=0. A ƙarshe na koma XeLaTeX, ɗan gidan TeX, da salon haruffa mai suna Charis, masu ƙugiya suka fito tsaf. Rubutuna bai canza ba, firinta ba ta canza ba. Abin da ke tsakani ne ya lalace, kuma shi ne marar suna.

Jiya da yamma na je gaida wani dattijon unguwarmu da ya yi aikin maɗaba'a a Zariya shekaru da dama. Na ce, "Baba, aikin nan da kuke yi kafin a kai shafi injin, me za a kira shi?" Ya yi dariya ya ce, "Yaro, kai ka ga Linotype kuwa? Kana danna haruffa, tana narka dalma, tana zubo maka layi guda cur, da zafinsa. Zuba shi muke yi."

Nan na tsaya. Duk wanda ya yi Hausa a makaranta ya san "zubi da tsari", inda zubi ke nufin siffar da aka zuba waƙa ko labari a ciki. Ga kuma zubin dalma. Kuma abin da groff ke yi ke nan: ka ba shi rubutu kamar ruwa, ya zuba shi a ma'aunin A4, gobe ka canza ma'auni ya sake zubawa ba tare da ka taɓa kalma ɗaya ba.

Saboda haka na tsaya a kan zubin shafi. Aikatau: zuba shafi. Jimlar tawa yanzu ta zama "bayan ka rubuta, sai ka zuba shafukan, kafin ka buga".

Na san wasu za su yi dariya, don zubi na adashe ne a wajensu. Shi ya sa "shafi" ba zai rabu da shi ba. Abin da ya rage mini shi ne sunan mai aikin. Manhajar na fara kiranta mazubi, ya zauna. Mutumin kuwa, "mai zubin shafi" ya yi tsawo a bangon littafi. Wa ke da gajere?