Garin whey ko ƙwai da awara?

Autan Zaure: Salamu alaikum yayyena. Wata uku ke nan ina ɗaga ƙarfe, jikin ya ƙi motsawa. Wani ya ce in sayi whey, garin furotin ɗin nan da ake samu daga madara. Wane iri ne mai kyau, kuma a ina zan samu wanda ba jabu ba? Nauyina kilo 62.

Mai Ƙarfe: Wa alaikumus salam. Wata uku? Ai ko cikin akuya bai isa haihuwa ba, Auta.

Baban Khalifa: Auta, tsaya ka ji nawa kafin ka fitar da ko sisi. Bara bayan Sallah na ga wani yana tallar wata ƙatuwar robar whey a intanet, rabin kuɗin da ake sayarwa a kanti. Na ce garaɓasa ta faɗo. Kwana biyu da fara sha cikina ya kumbura kamar ganga, ga ƙugi, ga zawo. A sahun Asuba har kunyar na kusa da ni nake ji. Na daure sati uku wai jiki zai saba. Damtse bai ƙaru ba, tumbi ne ya fito. Sai da na kai wa wani abokina mai kemis robar ya karanta bayanta, ya ce ai wannan ba whey zalla ba ne, irin na ƙara ƙiba ne, yawancinsa maltodextrin, wato sitaci da ke zama sukari a jiki. Ga shi babu lambar NAFDAC, murfin ma da alama an taɓa buɗewa. Na kira mai kayan, waya a kashe har yau. Kuma daga baya na gane ni dama madara ba ta karɓe ni ba tun ina yaro, ban taɓa haɗa abin da wannan ba.

Ɗan Gwaggo: Shi ya sa ka daina zuwa sahun gaba ashe.

Baban Khalifa: Kai dai Allah ya shirye ka.

Anti Nas: Baban Khalifa, lactose ne ya wahalar da kai, sukarin da ke cikin madara. Whey ɗin ba wani sihiri ba ne, ruwan da ke tsatsafowa ne idan an daskarar da madara za a yi cuku, shi ake tacewa a busar. Wanda aka rubuta concentrate yana da sauran lactose, isolate kuwa an fi tace shi, furotin ɗinsa ya kai kashi 90 cikin 100, shi ya sa ya fi tsada. Auta, yi lissafi: wanda ba ya motsa jiki giram 0.8 na furotin yake buƙata a rana a kowane kilo na nauyinsa, mai ɗaga ƙarfe kuwa wajen 1.6. Kai ke nan kusan giram 100 a rana. Cokalin whey ɗaya, wanda ke zuwa a cikin robar, furotin ɗinsa giram 24 ko 25 ne, ƙwai ɗaya wajen 6. Ƙwai huɗu sun biya maka cokali guda.

Mai Ƙarfe: Anti kin san nawa kiret ɗin ƙwai yanzu kuwa?

Anti Nas: Ya kai kuɗin robar? Ga wake, ga awara, ga ƙuli-ƙuli, ga kindirmo. Waken suya busasshe sama da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa furotin ne. Amma duk mai ciwon ƙoda ya ga likita tukuna kafin ya ƙara furotin, da gaske nake.

Ustaz: Afuwan, tambaya. Na ji Turawa da wani abu daga cikin tumbin ɗan maraƙi suke daskarar da madarar. Idan ba yankakke ba ne fa?

Ɗan Gwaggo: Ustaz ya iso, a gyara zama.

Anti Nas: Gaskiyarsa ce, rennet ake kiransa. Amma akwai wanda ba na dabba ba, kuma da shi ake yawan aiki yanzu. A duba tambarin halal a jikin robar.

Ustaz: Madalla. Mu dai Fulaninmu da tumfafiya suke yin cukunsu, babu wannan dogon bincike.

Sarkin Turawa: Ni shekara biyu ina shan whey ɗin Gold Standard, lafiya lau. Amfaninsa sauƙi, ka kaɗa a gora ka wuce ofis. Ba kowa ke da lokacin dafa wake da safe ba.

Mai Ƙarfe: Shekara biyu, kuma har yanzu ni ke ɗaga maka ƙarfen idan ya danne ka.

Sarkin Turawa: Ka fara dawo min da belt ɗina tukuna.

Mai Ƙarfe: Wanne? Wanda ya tsinke?

Ɗan Gwaggo: Auta rabu da su, nemi sha-ka-fashe, sati biyu ka cika riga.

Anti Nas: Kar ka soma ko da wasa. Yawanci maganin dexamethasone ne, ruwa da kitse yake tarawa a fuska da ciki, yana tayar da sukari da hawan jini, naman damtsen ma zaizaye shi yake yi. Ɗan Gwaggo ka goge wannan saƙon.

Ɗan Gwaggo: Tuba nake Anti, na goge.

Baban Khalifa: Auta, wai da safe me kake ci ma?

Autan Zaure: Shayi da burodi. Da rana indomi.

Mai Ƙarfe: Inna lillahi. Gobe ka same ni wajen mai awarar bakin layinmu ƙarfe bakwai, kuma kai za ka biya.

Sarkin Turawa: Ka zo min da belt ɗin can.