Ƙaramar jif mai dabal: nawa take shan mai da gaske tsakanin Makka da Jidda?

Abu Maryam, Makka:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riƙe ƙananan jif ɗin nan, RAV4, Tucson, Sportage da makamantansu.

A Makka nake zaune ta wajen titin Mansur, aikina kuwa a Jidda yake, a wani sito na kayan gini. Ana idar da sallar asuba nake kama hanya, sai bayan magariba na shigo gida. Zuwa da dawowa kilomita 160 ne, a wata ina cin wajen 3,500. Camry ɗina ta yi mini hidima shekara tara, Allah ya sani ban da abin cewa a kanta. Amma yara sun zama uku, ga Inna, duk ranar da zan kai ta asibiti sai mun riƙe ta mu biyu kafin ta iya fitowa, saboda kujerar ta yi mata ƙasa kuma gwiwa ta ƙi. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Na ga motoci biyu na hannu, iri ɗaya, shekara ɗaya. Ɗaya tayoyin gaba ne kawai ke jan ta, ɗayar mai dabal ce, wato tayoyi huɗu na iya jan ta, kuma ta fi tsada da riyal 6,000. Surukina ya dage sai mai dabal, wai saboda duk lokacin zafi muna hawa Ɗa'if ta hanyar Hada, mai hawan dutse. Ni kuma mai nake ji. Lita ɗaya ta koren fetur, wato mai lamba 91, riyal 2.18 ce tun da aka tsayar da farashi a Yulin 2021, amma mai irin tafiyata rabin lita ma sai ya gan ta a aljihu. Lambar da ke jikin takardar shan mai da ake mannawa a gilashi ita ce gaskiya, ko ta kan titi daban take? Ku da kuke da mai dabal, sau nawa ta taɓa yi muku rana?

Tsohon Direba, Madina:

Wa alaikumus salam ɗana. Shekara ashirin da wani abu ina kan hanyar Hijira tsakanin Madina da Makka, yanzu ƙaramar jif mai dabal ce a hannuna.

Lambar gilashi a ɗakin gwaji ake samo ta, babu zafin Agusta, babu iyali da kaya. Amfaninta ka kwatanta wannan mota da waccan. Ta allon gaban direba ma takan ɗan yi maka daɗin baki. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili, ka yi harkarka, ka koma famfon nan ka sake cikawa, ka raba kilomita da lita. Sau uku za ka yi, ba sau ɗaya ba. Ni a ƙaramin littafi nake rubutawa, yana cikin aljihun ƙofa.

Abin da littafina ya nuna: in na tsaya a gudun 110, mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, a kunne, ina samun kilomita 13 da ɗoriya a lita. In na kai 140 inda doka ta yarda, da ƙyar nake ganin 10. Mota ɗaya, hanya ɗaya, direba ɗaya. Jif tana da tsayi, ƙirjinta faɗi ne, iska take turewa, kuma turjiyar iska ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, ninkawa take. Sai zaman jira. In ka tsaya ƙofar kasuwa kana jiran iyali, inji da mukayyif suna aiki, a sa'a guda wajen lita ɗaya ta tafi ba ka motsa ba.

Yi lissafinka: kilomita 3,500 a kan 12 a lita, lita 292 ke nan, kusan riyal 636. In dabal ta mayar da kai 11, riyal 694. Tsakaninsu bai cika sittin ba. Ƙafarka a kan totur za ta iya ci maka ninkin wannan.

Makanikin Sana'iyya, Jidda:

Baba ya gama maganar mai. Yaya Abu Maryam, bari in faɗa maka abin da nake gani in na shiga ƙarƙashinsu.

Dabal ɗin waɗannan ba irin ta Land Cruiser ko Patrol ba ce. Ba ta da giyar ƙarfi ta fita daga rami. Yawancin lokaci tayoyin gaba ne ke jan motar. Sai kwamfuta ta ji gaba na neman sulɓewa, ko ka taka totur da ƙarfi daga tsaye, sannan ta kama kulocin da ke tura wani kaso na ƙarfin zuwa baya, a mafi yawansu bai wuce rabi ba. A kan titin Jidda zuwa Makka, busasshiyar kwalta miƙaƙƙiya, ɗaukar ƙarafunan kawai kake yi: doguwar sanda daga gaba zuwa baya, da akwatunan giya biyu na ƙari. Nauyinsu da jujjuyawarsu ne ke ƙara shan man.

Kuɗin da mutane ba sa lissafawa shi ne na taya. Mai dabal tana son huɗun su zama iri ɗaya, cinyewarsu kusa da juna. In ka sa sabuwa ɗaya cikin tsofaffi uku, zagayensu ya bambanta, kulocin baya ya yi ta aikin da ba a sa shi ba har ya yi zafi. Akwatunan nan kuma suna da nasu mai da ake canjawa. Na sha kwance na motar hannu in tarar da shi baƙi ƙirin, tun daga kamfani ba a taɓa shi ba. In za ka saye ta, a ɗaga ta sama ka gani da idonka ko akwai yoyo.

Batun Hada kuwa, ka gaya wa surukinka cikin ladabi: kwalta ce tun daga ƙasa har sama, ƙananan motoci na hawa kullum. A can ruwan inji da birki ake kula da su. Wajen saukowa ka sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar, kada ka kwanta a kan birki har ya fara wari.

Ummu Aisha, Jidda:

Malam, ni tun 2018 da aka ba mata izinin tuƙi nake tuƙi, yanzu RAV4 mai haɗa fetur da lantarki nake ja. Tata dabal ɗin daban ce, babu sandar da makaniki ya ambata, wani injin lantarki ne a baya ke juya tayoyin in an buƙata. A cunkoson kai yara makaranta ina samun 17 zuwa 18 a lita. Amma in mun miƙi hanyar Madina ratar da ke tsakaninta da mai fetur zalla takan ragu sosai, don ribarta a tsaya-tafi take. Tafiyarka ta babban titi ce, ka auna kafin ka ƙara kuɗi.

Dabal ta yi mini amfani a ruwan farko, lokacin da ƙura da maiƙon titi suka haɗu kwalta ta zama kamar sabulu. Motar takan tashi daga danja ba tare da taya ta yi ƙara ba. Birki dai ba ta ƙara masa komai. Kuma a ruwan Nuwamban 2022 da idona na ga jif-jif tsaye a ƙarƙashin gada, ruwa har gilashi.

Ƙanina ma ya taɓa shiga yashi da tasa wajen shan iska bayan gari, bai rage iskar taya ba. Ta nutse har ciki, gaba da baya suna tono, can wata fitila ta kama a allo, tayoyin baya suka daina ja saboda zafi. Da yara muka kai sha ɗayan dare muna jiran mai igiya.

Abu Maryam, Makka:

Allah ya saka da alheri, Baba, ƙanina makaniki, da Hajiya. Na zauna na tuna shekara taran nan, sau biyu tak na sauka daga kwalta, duka biyun a filin ajiye motoci. Marar dabal ɗin zan ɗauka, a cikin 6,000 ɗin in sa mata sababbin tayoyi huɗu. Ranar Asabar zan kai ta a ɗaga a duba, kuma zan tafi da Inna ta gwada shiga da fita da kanta. Baba, na sayi littafin, bayan tanki uku zan kawo muku lambobin.