Zafi a matsayin maganin ciwon daji: abin da ma'aikatan lafiya ke gani a Kaduna

Nas, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum. Majinyata sun yawaita tambaya ko gaskiya ne zafi na kashe ciwon daji. Masu aiki da shi, don Allah ku faɗi yadda ake yi da inda yake ɓaci, bakinmu ya zo ɗaya.

Ungozoma, Tudun Wada: Wa alaikumus salam, Sista. Wanda ya fi shafarmu shi ne na bakin mahaifa, kuma tun kafin abin ya zama daji ake yin sa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarsa a 2019. Ana shafa ruwan binega mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, a jira minti ɗaya, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. Daga nan a ɗora kan na'urar ƙonawa, mai zafin digiri 100, a kan farin wurin na daƙiƙa 20 zuwa 30. In wurin ya fi kan na'urar faɗi, a matsa gefe a maimaita. Mace za ta ji murɗa irin ta al'ada, ta tashi ta tafi gida ranar.

Ɓacin yana wajen zaɓe. In farin ya shige cikin ramin mahaifa, ko ya cinye fiye da kashi 75 na bakin, ko wurin na zubar da jini da an taɓa, kada a ƙona, a tura ta a yanki tsoka a gwada. Ƙona saman dajin da ya yi jijiya ɓoye shi ne kawai. Ba a yi wa mai ciki. A gaya mata ruwa zai riƙa zubo mata na wasu makonni, ta ƙaurace wa shimfiɗa mako 4, kuma ya fi kyau maigidan ya ji wannan daga bakinmu. Zazzaɓi, wari ko jini mai yawa, ta dawo nan take. In lafiya, sai bayan shekara.

Likitan hoto, Zariya: Hajiya ta gama magana. Na hanta kuwa allura ce ake sokawa cikin ƙarin, wato ƙullutun dajin, ana kallo a sikanin, a dafa shi sama da digiri 60, a haɗa da kamar rabin santimita zuwa ɗaya na lafiyayyen naman kewaye. Ya fi aiki ga ƙarin da bai wuce santimita 3 ba. In yana jingine da babbar jijiyar jini, jinin na kwashe zafin, gefen ya tsira, ciwon ya dawo. Abin baƙin ciki, yawanci sai ciki ya kumbura ake zuwa, lokacin allurar ba ta da amfani. Masu ciwon hanta nau'in B da likita ya ce suna cikin haɗari su riƙa yin sikanin duk wata 6.

Likitan ciwon daji, Kaduna: Akwai kuma ɗumamawa zuwa digiri 40 zuwa 43 na kimanin awa ɗaya, dab da lokacin haska ƙarin da na'urar da haskenta ke kashe ƙwayoyin daji. Jini da iskar oksijin na ƙaruwa a ƙarin, ƙwayoyinsa su kasa gyara ɓarnar hasken. Sau ɗaya ko biyu a mako, da tazarar kwana 2 zuwa 3, domin ƙwayoyin kan jure zafi in an jera. Mataimaki ne, shi kaɗai ba ya warkarwa. Wanda aka tura asibitin koyarwa na Shika, Zariya, ya tafi, kada ya zauna jiran wannan.

Nas ɗin tiyata, Kawo: Likita, bari in ƙara abin da ke ci mini rai: sakiya da gashin ruwan zafi a kan ƙullutun nono. Fata ke ƙonewa, zafin ba ya isa cikin ƙarin. Gyambo ya buɗe, ya yi ruwa, dole a yi jinyarsa kafin a fara ƙarin ruwan maganin daji, makonni sun tafi. Duk ƙullutun da mace ta ji, ko ba ya ciwo, a kawo ta asibiti fatar na nan lafiya, a ɗebi samfuri da allura.