Ɗaurin mahaifa: allurar baya ko ta barci, wacce zan yarda a yi min?

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Cikina biyu suna zubewa, na farko a sati 19 na biyu a sati 21, kuma duk ba wani ciwon naƙuda na kirki, sai dai in ji nauyi a ƙasa, kafin a kai asibiti bakin mahaifa ya riga ya buɗe. Yanzu ina sati 12, likita ta ce Talata mai zuwa za a yi min ɗaurin mahaifa, wato a ɗaure bakinta dan kar ya buɗe da wuri, in sha Allah. Aikin bai dame ni ba kamar allurar, wai ta baya za a yi, a kashe min rabin jiki ina ji ina gani. Yayata tun CS ɗinta (aikin haihuwa) da aka yi mata da ta baya take kukan baya, ta ce kar in kuskura in yarda, Hajiyarmu ma haka, maigida ya ce a sa ni barci kawai a huta, ni kuma tsorona kar maganin barcin ya taɓa abin da ke cikin. Wlh kwana biyu ba na iya runtsawa. Waɗanda aka yi wa ku faɗa min gaskiya.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam, Allah ya raba lafiya ƙanwata. Sau biyu ana min, duka da ta baya. Za su zaunar da ke bakin gado, a ba ki filo ki rungume ki sunkuyar da kai ki turo bayan, a goge da wani abu mai sanyi ƙarara, sai ki ji tsikari. Wlh sa kanular hannu ta fi min zafi. Daga nan ɗumi ya sauko min a ƙafafu, na so in ɗaga su na ji kamar buhun shinkafa. Ana aikin ina jin ana taɓawa ana ɗan ja amma zafi babu, ko minti 30 ba a yi ba. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne rawar sanyi, haƙorana har haɗuwa suke, na ɗauka wani abu ne ya lalace, nas ta ce a'a haka take yi wa wasu, ta lulluɓe ni. Bayan kamar awa 3 na fara motsa yatsu, sai da na yi fitsari da kaina suka sallame ni.

Ummu Sadik:
Ni ta barci aka yi min kuma da bakina na roƙa, dan ba zan iya kwanciya ƙafafu a sama ina jin ƙarar ƙarafuna ba, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Na farka da ciwon maƙogwaro saboda robar numfashi, na yi ta amai har magariba. Yaron ga shi nan yana firamare yana ba ni ciwon kai 😂

Anti Nas:
Ƙanwata kwantar da hankali, a tiyata nake aiki. Aikin nan tsoho ne, tun shekarun 1950 ake yinsa, wanda aka fi yi shi ne na Makdonal, zare ne mai ƙarfi ake zagaya bakin mahaifa da shi a tsuke kamar bakin zabira. Duka allurai biyun ana yinsa da su, kuma barcin ɗan lokaci ba a san shi da nakasa jariri ba, balle a sati 13 an gama halittar gaɓoɓi. Dalilin da ya sa aka fi son ta baya ga mai ciki, ke ake ji wa. Mai ciki idan aka sa ta barci abin da ke tumbinta ya fi saurin dawowa ya faɗa huhu, sa mata robar numfashi ma ya fi wuya, sannan maganin ta baya kaɗan ne ƙwarai, wanda ke isa ga jariri bai taka kara ya karya ba.

Zancen ciwon baya kuma, wajen allurar zai yi tsami kwana biyu zuwa sati, amma ciwon shekara da shekaru ba a samu cewa ita ke kawo shi ba, ciki ne da goyo da sunkuyon wanki, sai a ɗora wa allura laifi. Abin da take iya kawowa da gaske shi ne awon jini (BP) ya yi ƙasa ki ji jiri ko tashin zuciya, shi ya sa ake sa ƙarin ruwa ana ta auna ki, sai wani ciwon kai da 'yan kaɗan ke samu, wanda in kin tashi zaune ya sare ki in kin kwanta ya lafa. Wannan a koma asibiti, yana da magani.

Tambaya ɗaya, kina kan maganin tsinka jini?

Mai tambaya:
Anti ina shan Vasoprin kullum, kuma akwai allurar Clexane da nake yi a ciki duk dare.

Anti Nas:
Yawwa, gara da na tambaya. Vasoprin 75 ba ya hana allurar baya, amma Clexane dole likitan barci ya sani tun kafin ranar, ƙaramin awo ana son awa 12 tsakanin ta ƙarshe da allurar baya, babban awo awa 24, in ba haka ba jini na iya taruwa a kusa da laka. Kar ki tsayar da ita da kanki, ki je da kwalin a hannu su faɗa miki daren da za ki tsallake. Ki nemi ganinsa kafin Talata, ki faɗa masa in kin taɓa yin aiki, ko wani magani na ba ki matsala, ko kina da asma.

Hajiya Babba:
'Yata ki riƙe addu'a, kuma abin da suka ce na barin abinci ki bi. Ɗiyar maƙociyata an kai mata kunu da asuba wai kar yunwa ta kama jariri, aka ɗage aikin sai washegari.

Anti Nas:
Hajiya ta yi gaskiya, awa 6 ba abinci ko da ta baya za a yi, dan in ba ta kama sosai ba barcin za a koma. Kunu da shayi mai madara duk abinci ne.

Maman Biyu:
Cirewa ma kar ta dame ki, a sati 37 aka cire nawa ba allurar komai, minti kaɗan. Amma in naƙuda ta taso ko faya ta fashe ko zazzaɓi ko jini da yawa alhali zaren na ciki, ko tsakar dare ne a tafi, kar a tsaya jiran gari ya waye, zaren na iya yaga bakin mahaifar.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira asibitin, sun ce in zo Litinin da safe da kwalin Clexane ɗin in ga likitan barci. Na karanta wa maigida bayanin Anti, ya ce tare za mu je ya ji da kunnensa. Inaga ta bayan zan bari a yi in sun ce ba matsala. Saura Hajiyarmu, ita har yanzu ban san ta inda zan ɓullo mata ba.