Abin da manoma suka ce game da tana a gona

A tattaunawar da manoman lambu suka yi kan amfanin tana, mafi yawansu sun yarda cewa ganinta a cikin ƙasa alama ce ta ƙasa mai rai. Ramukan da take haƙawa suna ba iska da ruwa hanyar shiga, saiwar shuka kuma takan bi su ta nutsa ƙasa cikin sauƙi. Abin da aka fi daɗewa a kansa shi ne kashinta, domin tana cin ruɓaɓɓen ganye haɗe da ƙasa, ta fitar da shi ɗauke da sinadaran naitirojin da fosfaras da fotasiyam a yanayin da shuka za ta iya sha nan take. Masanin kimiyya ɗan Ingila Charles Darwin ya rubuta littafi guda kan wannan aiki nata a 1881.

Shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a daina ƙona karmami da ciyawa bayan girbi, a bar su su rufe ƙasa, a kuma riƙa zuba takin dabbobi da ya ruɓe, saboda tana ba ta zama inda babu abinci da danshi. An gargaɗi masu yawan huɗa da feshin maganin ƙwari, domin duka biyun suna rage ta.

Manoman jigawa sun ce ba kasafai suke ganinta ba sai a fadama, kuma na gamsu da hujjarsu, domin yashi mai zafi yana busar da jikinta. A jigawa gara ce take yin irin wannan aikin, kamar yadda ake gani a ramukan zai na Nijar da Burkina Faso, wato ƙananan ramukan da manoma ke haƙawa su zuba taki su yi shuka a ciki.